Inda Ji Ya Kori Gani: Tarihin Hayaniyar Teku da Muryar Kifin Wel

Bayan hare-haren 11 ga Satumba, 2001, an dakatar da tashin jiragen sama a Amurka, zirga-zirgar manyan jiragen ruwa kuma ta ragu a gaɓar gabashin ƙasar da ta maƙwabciyarta Kanada. A daidai waɗannan kwanaki akwai ayari biyu na masana da ke bakin aiki a mashigin ruwan Fundy, gabashin Kanada. Ayari ɗaya yana naɗar kukan kifayen wel da na'urar sauraro ta ƙarƙashin ruwa. Ɗayan, ƙarƙashin jagorancin likitar dabbobi Rosalind Rolland, yana tsintar kashin dabbobin da ke yawo a saman ruwa domin auna lafiyarsu. Babu ayarin da ya fito da niyyar nazarin jiragen ruwa.

Sai bayan shekaru aka haɗa bayanan wuri guda, aka wallafa sakamakon a 2012. A kwanakin da suka biyo bayan harin, hayaniyar cikin ruwan ta sauka da desibel 6, wato ƙarfinta ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A lokaci guda, sinadaran da jiki ke fitarwa idan yana cikin takura sun ragu a kashin dabbobin. A shekaru huɗun da suka biyo baya, da jirage suka koma kai-kawonsu, ba a sake ganin irin wannan sauka ba. Masifar da ta auka wa mutane ta bai wa masana abin da ba su da ikon shiryawa da kansu: 'yan kwanaki na teku mai sauƙin hayaniya. Kafin a kai ga wannan gaɓa an yi doguwar tafiya, domin sai da ɗan Adam ya fara yarda cewa teku na da murya.

Dabbar da ke rayuwa da kunne

Ko da yake ana ce masa kifi, wel dabba ce mai haihuwa da shayarwa, mai shaƙar iska da huhu, kamar ayu da dorina. Iri biyu ne. Akwai masu haƙora, waɗanda ke fitar da siririyar ƙara su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane inda abinci yake. Akwai kuma masu matata a baki maimakon haƙora, waɗanda ke tace ƙananan halittu daga ruwa. A cikinsu ne ake samun shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kai mita 30, dabbar da ba a san wadda ta fi ta girma ba a tarihin duniya. Waɗannan su ne masu murya mai kauri, kuma su ne hayaniyar jirage ta fi shafa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A doron ƙasa haka ne, amma a teku al'amarin ya juya. Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 200 sai ɗan ƙalilan, a mita 1,000 kuwa duhu ne sosai. Sauti kuma yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwan teku, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Kuma kamar yadda amon tambari ke riga na sarewa isa ƙauyen nesa, murya mai kauri ta fi siririya nisan zango a ruwa. Ana auna kaurin sauti ko sirantarsa da ma'aunin haz: kunnen mutum yana fara ji daga wajen haz 20, wasu daga kiraye-kirayen shuɗin wel kuwa suna ƙasa da haka. Da murya uwa ke riƙe ɗanta a kusa, da ita namiji ke sanar da mace inda yake, da ita ake kiran juna wurin abinci.

Kunnuwan yaƙi

A 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna gudun sauti a tafkin Geneva, ta hanyar buga ƙararrawa a cikin ruwa da sauraronta daga wani kwalekwale mai nisa. Amma abin da ya mai da sauraron ruwa babban aiki shi ne tsoro. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 ta sa aka shiga neman hanyar gano dutsen ƙanƙara da amsa-kuwwa, a 1914 kuma Reginald Fessenden ya nuna hakan mai yiwuwa ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo jiragen yaƙi masu nutso, sai Paul Langevin a Faransa ya ƙera na'urar farautarsu da sauti, kakar abin da yau ake kira sona.

A 1944 Maurice Ewing da Lamar Worzel suka tabbatar da wani abin mamaki. A zurfin kusan mita 1,000 akwai wani sashe na ruwa inda gudun sauti ya fi raguwa. Sautin da ya shiga wannan sashe, in ya nufi sama sai ya lanƙwaso, in ya nufi ƙasa sai ya lanƙwaso, ya yi ta tafiya kamar ruwa a cikin bututu. Leonid Brekhovskikh na Tarayyar Sobiyet shi ma ya gano haka da kansa jim kaɗan bayan yaƙin. A 1960 an tayar da nakiyoyi a ruwa kusa da Perth ta Ostareliya, aka ji ƙararsu a tsibirin Bamuda da ke tekun Atlantika, kusan rabin kewayen duniya.

Da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, rundunar sojan ruwan Amurka ta shimfiɗa jerin na'urorin sauraro a ƙasan teku, tsarin sirri da aka sani da SOSUS, domin bibiyar jiragen Sobiyet masu nutso. Masu sauraron suka riƙa jin wani bugu mai ƙarfi a haz 20, yana maimaita kansa a kan ƙa'ida kamar na inji. An yi ta hasashe a kansa, har da zaton wata dabarar abokan gaba ce. A 1964 William Schevill da William Watkins da Richard Backus suka danganta shi da fin wel, dabba ta biyu a girma bayan shuɗin wel. Schevill ɗin nan ne, tare da matarsa Barbara Lawrence, ya naɗi muryar farin wel na baluga a kogin Saguenay na Kanada a 1949. Duk da haka, a idon jama'a teku wuri ne na tsit: littafin Jacques Cousteau na 1953 da fim ɗinsa na 1956, wanda ya lashe babbar kyautar bikin Cannes, sunansu na nufin duniyar shiru.

Waƙar Bamuda

A shekarun 1950 wani injiniya ɗan Bamuda, Frank Watlington, yana aiki a tashar sauraro ta gwamnatin Amurka da ke tsibirin. Aikinsa naɗar ƙarar fashewa a ƙarƙashin ruwa, amma na'urarsa ta riƙa kamo wasu dogayen koke-koke masu hawa da sauka, na wel mai doro. Ya adana su shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1960 ya miƙa su ga masanin halittu Roger Payne da matarsa Katy.

Payne da Scott McVay suka zauna suka bi sautin dalla-dalla, suka ga yana da tsari: gajerun sautuka na haɗuwa su zama jimla, jimloli su zama baiti, baitoci su jeru bi da bi, sannan a koma farko. Suka kira shi waƙa, suka wallafa bincikensu a mujallar Science a 1971. Katy Payne ta gano cewa waƙar na sauyawa sannu a hankali, kuma duk mazan yanki guda suna bin sauyin tare. Daga baya, tsakanin 1996 da 1998, Michael Noad ya ga yadda mazan gabashin Ostareliya suka watsar da waƙarsu baki ɗaya suka ɗauki ta 'yan'uwansu na yammacin ƙasar. Ana koyon waƙar ne da kunne, daga wani zuwa wani.

Faifan da Payne ya fitar a 1970 ya sayu fiye da kwafi 100,000. A 1977 an saka muryar wel a faifan zinariyar da kumbunan Voyager suka tafi da shi sararin samaniya, a 1979 kuma mujallar National Geographic ta raba kwafi fiye da miliyan 10 ga masu karatunta. Wannan ya zo ne a lokacin da ake gab da ƙarar da dabbobin. Tun da Svend Foyn na Norway ya ƙera igwar harba mashi mai nakiya wajen 1870, farautar wel ta zama masana'anta. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗin wel sama da 29,000 a tekun kudancin duniya, a ƙarni na 20 gaba ɗaya kuma an kashe kifayen wel kusan miliyan 2.9. Waƙar ta taimaka wajen juya zukatan mutane. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm a 1972 ya nemi a dakatar da farautar, hukumar kula da farautar wel ta duniya ta amince a 1982, dakatarwar ta fara aiki a 1986.

Lissafin da aka yi wa dariya

A shekarar 1971 ɗin nan Payne ya wallafa wata maƙala ta biyu tare da injiniya Douglas Webb, wadda ba ta samu karɓuwa irin ta farko ba. Sun ɗauki ƙarfin bugun fin wel, suka haɗa da abin da aka sani game da bututun sauti na Ewing, suka lissafa iyakar inda muryar ke iya kaiwa. Amsar ita ce, a tekun da babu injin jirgi a cikinsa, tana iya kai dubban kilomita, amma a tekun zamaninsu zangon ya ragu zuwa ɗaruruwa. Masana da yawa suka ɗauki maganar almara, Payne kuma ya sha faɗa daga baya cewa saura ƙiris ta kashe masa aiki.

Sai da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare gaskiyarsa ta fito. A farkon shekarun 1990 sojan ruwan Amurka suka buɗe wa wasu masana ƙofar SOSUS. Christopher Clark na jami'ar Cornell ya riƙa jin kifayen wel daga nisan ɗaruruwan kilomita, har aka bi sawun wani shuɗin wel guda ɗaya tsawon kwana 43 da muryarsa kawai.

Abin da ke cin wannan zango shi ne farfela. Idan tana juyawa da ƙarfi, takan haifar da dubban ƙananan kumfa da ke fashewa nan take, fashewarsu ce mafi yawan ƙarar jirgi, kuma ƙarar na da kauri daidai da muryar manyan kifayen wel. Jiragen kuwa sai ƙaruwa suke yi. A 1956 jirgin Ideal X na Malcom McLean ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58, ya buɗe zamanin kwantena. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi. Yadin da ke Kantin Kwari, da motocin da ake shigo da su ta Kwatano, da kayan da ke isa Maraɗi daga tashar Lome, duk farfela ce ta turo su gaɓa.

Na'urorin soja sun bar ma'auni da za a iya kwatantawa. A 2006 Mark McDonald da John Hildebrand da Sean Wiggins suka wallafa sabon awon da suka yi a wani wuri kusa da tsibirin San Nicolas na California, inda aka yi awo tsakanin 1964 da 1966. Suka tarar hayaniya mai kauri ta ƙaru da desibel 10 zuwa 12. A wannan ma'auni, ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, ƙarin 10 kuwa ninki goma. Ma'ana, a wurin, ƙarfin hayaniyar yana ninkawa kusan duk shekara goma. A tsakanin lokutan biyu yawan jiragen kasuwanci na duniya ya kusan ninkawa, girman ɗaukarsu kuma ya ninka sau huɗu.

A nan ne tarihin farauta da na hayaniya suka haɗu. Binciken Donald Croll da abokansa na 2002 ya nuna cewa a cikin fin wel maza ne kaɗai ke yin wannan bugu mai ƙarfi, alamar kiran mata ne. Farauta ta rage yawansu, don haka tazarar da ke tsakanin namiji da mace ta ƙaru. A daidai lokacin ne kuma farfela ta rage nisan da kiran ke kaiwa.

Sona da bindigar iska

Hayaniyar jirage kamar janaretan maƙwabci take, ba ta kisa nan take, sai dai ta hana jin magana dare da rana. Akwai wata iri mai zuwa kamar aradu. A watan Mayun 1996 kifayen wel masu dogon baki 12 suka faɗo gaɓar Kyparissiakos ta Girka a lokacin da ƙungiyar NATO ke gwajin sona a yankin. A Maris na 2000 dabbobin ruwa 17 suka faɗo gaɓar Bahamas bayan wucewar jiragen yaƙin Amurka, rahoton gwamnatin ƙasar na 2001 kuma ya amince cewa sona ce dalili mafi ƙarfi. A Satumban 2002 wasu 14 suka faɗo a tsibiran Kanari yayin atisayen sojan ruwa. Da Antonio Fernández da abokansa suka feɗe gawarwakin, sun sami kumfar iska a jijiyoyi da gaɓoɓi, irin abin da ke samun mai nutso idan ya taso da gaggawa. Waɗannan dabbobi na iya nutsawa har kusan mita 3,000, kuma firgici na ɓata musu tsarin nutso da tasowa.

Hukumomi ba su bi hanya ɗaya ba. Sifaniya ta hana amfani da irin wannan sona kusa da Kanari a 2004, kuma masana sun ba da rahoto a 2013 cewa tun daga lokacin ba a sake ganin faɗowar taro a can ba. A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2008 cewa buƙatar horar da sojan ruwa ta rinjayi ƙorafin masu kare muhalli.

Masu neman mai da iskar gas a ƙasan teku suna da tasu ƙarar. Jirginsu na jan jerin bindigogin iska da ke fashewa duk bayan daƙiƙa 10 zuwa 15, makonni ko watanni a jere, ana karanta amsa-kuwwar don gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Na'urorin da Sharon Nieukirk da abokanta suka saurara a tsakiyar Atlantika sun kamo wannan ƙara daga nisan kusan kilomita 4,000, wani ɓangarenta daga gaɓar Senegal da Muritaniya. Wel mai doro kuma yakan baro sanyin kudancin duniya daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ya zo ruwan Angola da Gabon da mashigin Gini domin barbara da haihuwa, wato yankin da ya fi ko'ina rijiyoyin mai na teku a Afirka. Binciken Salvatore Cerchio na 2014 a arewacin Angola ya nuna cewa yawan mazan da ake ji suna waƙa na raguwa idan ƙarar bindigogin ta ƙaru.

Iyakar ɗaga murya

Mutumin da ke magana a tsakiyar kasuwa yakan ɗaga murya, ko ya maimaita, ko ya haƙura sai an watse. Kifayen wel ma haka suke yi. An fi ganin wannan a wurin irin da aka yi nazarinsa a Fundy, wanda ake kira rayit wel na arewacin Atlantika. Susan Parks ta kwatanta sautukan da aka naɗa a shekarun 1950 da na farkon ƙarnin nan, ta ga kiransu ya ƙara siranta, daga baya kuma ta nuna suna ƙara ƙarfin murya idan hayaniya ta taso. Duk da wannan ƙoƙari, Leila Hatch da abokanta sun lissafa a 2012 cewa a ruwan Stellwagen, kusa da Boston, dabbobin sun rasa kashi 63 zuwa 67 cikin 100 na filin da a da suke iya jin juna a cikinsa.

A 2024 Coen Elemans da abokansa suka bayyana a mujallar Nature dalilin da ya sa dabarar ke da iyaka. Sun gwada maƙogwaron wasu kifayen wel uku da suka mutu a gaɓa, suka ga yadda halittarsa ta kafe muryar a wani zango na kauri, kuma ba ta ba su damar yin kira mai tsawo sai a kusa da saman ruwa, zuwa zurfin wajen mita 100. Nan ne kuma ƙarar jirage ta fi cika. Ba su da wata murya ta daban da za su koma gare ta.

A ƙiyasin 2023, rayit wel na arewacin Atlantika da suka rage ba su wuce kimanin 370 ba. Abin da ya fi kashe su kai tsaye shi ne karo da jirage da sarƙewa a igiyoyin masunta. Hayaniya na zuwa ne a kan waɗannan, ta ƙara wa dabbar da ke fama da ƙarancin haihuwa wani nauyi.

Dauɗar da ba ta kwana

Robar da aka jefa a teku takan yi shekaru aru-aru, man da ya malala yakan daɗe a laka. Ƙara kuwa tana gushewa da zarar an kashe abin da ke yin ta, kuma hanyoyin rage ta sanannu ne. Kamfanin Maersk ya sauya farfela da goshin wasu manyan jiragensa domin rage shan mai, awon da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙararsu ta sauka da desibel 6 zuwa 8. Russell Leaper ya lissafa a 2019 cewa rage gudun jiragen duniya da kashi 10 cikin 100 zai rage ƙarfin hayaniyarsu da kusan kashi 40, ya kuma rage hayaƙi da haɗarin karo. Hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, ta fitar da ƙa'idojin rage ƙara a 2014, ta sabunta su a 2023, sai dai shawara ce, ba doka mai tilastawa ba.

Inda aka gwada, an ga amfani. Tun 2017 hukumar tashar Vancouver ke roƙon jirage su rage gudu a mashigin Haro lokacin bazara, sa'ad da kifayen orka 'yan yankin, waɗanda ba su kai 80 ba, ke zuwa farauta. A shekarar farko an nemi su sauka zuwa kusan kilomita 20 a awa. Ba a tilasta wa kowa ba, amma mafi yawan matuƙa suna bi, na'urorin da ke ƙasan mashigin kuma suna nuna saukar hayaniya duk lokacin da aka yi hakan. Abin da tsautsayi ya kawo a Fundy na 'yan kwanaki a 2001, a Haro ana yin sa da gangan kowace shekara, kuma kuɗinsa shi ne jinkirin da bai kai awa guda ba a tafiyar da ta ɗauki jirgi makonni.